Malama Dinatu da 'Yan Matan Dutsen Ƙaho

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗan garin nan da ke cikin ƙasar Gwiwa ya san cewa da an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, wata mata za ta fito daga gidan da ke bayan shagon walda. Ɗankwalinta a ɗaure tamau, takalmin kambas ɗinta ya sha ɗinki, gorar ruwa a hannunta. Ba ta sauri, domin ƙafarta ta dama ta daina yarda da sauri. Takan ratsa gonaki tana gaisawa da masu sammakon aiki, ta tambayi wannan jikin tsohuwarsa, ta tambayi wancan yadda gero ya yi, har ta isa falalen dutsen da ke arewa da gari. Can za ta hau, tana tafe tana janye ƙaya daga hanya, tana ture duwatsun da suka yi sako-sako don kada su yaudari ƙafar wata. In ta kai sama ta ɗan tsaya, ta sha ruwa, ta gangaro. Kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta ta yi wanka ta canza kaya, tana tsaye a bakin aji. Baƙo in ya tambaya, sai a ce masa Malama Dinatu ce, ta je gaida dutse.

A ƙarshen zangon karatun nan Malama Dinatu za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da wani abu tana koyar da motsa jiki. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba kuma wanda ya taɓa rataya mata lambar yabo. Sau biyu ma saura ƙiris a raba ta da aikin. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana raye, tana ji da kunnenta.

Ita 'yar wani ƙauye ce a cikin tsaunukan Filato, inda ko ruwa za a ɗebo sai an hau an sauka. Aure ne ya kawo ta Kazaure, ta biyo mijinta Julius mai walda, da takardar shaidar malanta a cikin akwatinta. Aka tura ta wata makarantar 'yan mata a ƙasar Roni. Abin da ta tarar shi ne, in lokacin darasin motsa jiki ya yi, sai a raba wa yara tsintsiya su share fili, ko a ba su bokiti su je ɗebo wa gidajen malamai ruwa. Haka aka saba, ba wanda yake ganin aibun abin. Ita kuwa tun a makon farko ta karɓe tsintsiyoyin ta jingine su a bango, ta ce ba shara aka ɗauke ta koyarwa ba.

Ta fara da zagayen fili. Yara 'yan shekara goma sha huɗu, sha biyar, ko gudu kaɗan suka yi sai sun dafa ƙirji suna haki. A bayan makarantar akwai dutse, irin duwatsun da suka cika ƙasar Roni, manya-manyan ƙwallaye a ɗore a kan juna. Wata rana ta tambaye su wace ce ta taɓa hawansa. Suka yi ta dariya, suka ce ai mace ba ta hawa dutse. Ta tambaya wa ya ce. Aka rasa wadda ta san wanda ya ce. Ranar Asabar ta sa suka sanyo dogon wando a ƙarƙashin kayansu, ta nuna musu yadda za su tattare hijabi su ɗaure a ƙugu don kada ya sarƙe da ƙaya, ta shige gaba suka bi ta.

Abin da ta koya musu a ranar shi take koyarwa har yau. Kada ki ɗaga hannu sai kin tabbata ƙafafunki biyu da ɗaya hannun sun kama. Kada ki sa yatsa a rami sai kin fara zura kara, saboda kunama. Duk dutsen da za ki taka, ki fara girgiza shi da ƙafa. In tsoro ya kama ki, ki faɗa da baki, ba abin kunya ba ne, sai a tsaya a jira ki. Yaran da suka hau a wannan Asabar ɗin yanzu iyaye ne, wasu ma sun kusa aurar da 'ya'ya, amma in ka tambaye su za su karanto maka waɗannan kamar jiya aka faɗa musu.

Aka yi shekaru ana haka, sai ranar da wata yarinya mai suna Amna ta taka tsakuwa a kan gangare, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan hannunta ya karye. Malama Dinatu ta yage gefen zaninta ta ɗaure hannun da kara, ta goya yarinyar, ta sauko da ita daga dutsen, sauran suna biye suna kuka. Kafin a gama ɗori labari ya zaga gari, kuma kowa da irin nasa. Wasu suka ce yara uku ne suka faɗo. Wasu suka ce dama dutsen yana da masu shi, ba a yi musu kutse. Aka kira taron iyaye da hukumar makaranta, aka zaunar da ita a tsakiya, aka ce abu ɗaya ake so, ta yi alkawari a gaban kowa cewa ba za ta sake kai ɗiyar kowa dutse ba.

Waɗanda suka halarci taron sun ce ta miƙe ta gaida manya yadda ya kamata, ta ba mahaifin Amna haƙuri har ƙasa. Sannan ta ce, “Ranku ya daɗe, hannun Amna a gabana ya karye, ni na goyo ta, ba na musun wannan. Amma bara wata yarinya ta faɗa rijiya wajen ɗebo wa malamai ruwa, ban ji an kira taro ba. Ba zan yi muku alkawarin da na san ba zan cika ba.”

Ba a kore ta ba. An yi mata abin da ake yi wa wanda ake so ya gaji ya tafi don kansa. Aka ɗauke ta daga babbar makaranta aka jefa ta wata 'yar ƙarama ta jeka-ka-dawo a cikin ƙasar Gwiwa, wadda ko katanga ba ta da ita. Julius ya ɗora injin waldarsa da janareta a bayan mota ya bi ta. Amna kuwa, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Kazaure, ta ce ranar da aka kwance mata ɗori abin da ta fara tambaya shi ne yaushe za a koma dutse, sai aka ce mata ai Malama ta tafi. Ta ce har yanzu ba ta huce ba.

Ke ce, Malama, aka tura inda ake zaton za ki yi sanyi. Kika sauka daga mota, ko kayanki ba a gama saukewa ba, kika ɗaga kai kina duban inda duwatsun garin suke.

Sai dai abin da ya faru a Roni ya koya mata wani abu. A sabon wurin ba ta fara da yara ba, da iyaye mata ta fara. Gida-gida ta bi da yamma, ta zauna a tabarma, ta sa hannu a ɓarar gyaɗa, ta bayyana abin da take so ta yi da kuma abin da zai iya faruwa, har da labarin hannun Amna, ba ta ɓoye ba. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ta sha ruwa ta tafi. Akwai masu cewa matar da ba addininsu ɗaya ba, me take nema da 'ya'yansu a bayan gari? Mai gari ya tura ƙanwarsa ta bi su wata Asabar ta gano. Ta dawo ƙafafu a kumbure, ta ce ita dai abin da ta gani, in lokacin salla ya yi Malama ce take fara duban rana ta ce kowa ta tsaya, ita kuma ta koma gefe ta zauna tana gadin kaya har su idar. Daga nan maganar ta ragu, ko da yake ba ta mutu ba.

Can cikin daji, tafiya mai nisa daga garin, akwai dutsen da ake kira Dutsen Ƙaho. Ƙasar wurin ta bushe, rairayi ne da aduwa da farar ƙaya, ba gida ko ɗaya kusa, sai hanyoyin makiyaya. Dutsen ya tashi shi kaɗai, ƙwanƙolinsa ya karkace gefe guda. Mafarauta sukan kai rabinsa neman rema su juyo. Malama Dinatu ta yi ta zuwa ita da Julius har ta gano hanyar da za ta kai mutum sama, sannan ta mayar da shi al'ada. Kowace shekara bayan an girbe amfanin gona, dutse ya bushe, 'yan ajin ƙarshe waɗanda iyayensu suka yarda sukan hau Dutsen Ƙaho kafin su bar makaranta.

A cikin 'yan ajin wata shekara akwai Zulaikha. Shan-inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana jaririya, da sanda take tafiya. Iyayenta mutanen Barno ne, tashin hankalin can ya koro su, mahaifinta Alhaji Muhammad Nur ya kama fataucin hatsi tsakanin kasuwannin yankin da Babura. Duk Asabar ɗin da aka fita ƙananan duwatsu, Zulaikha takan bi su har gindin dutse, a bar ta a inuwa da jarkokin ruwa da jakunkuna. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana so ta hau, ita ma Malama ba ta tambaya ba. Kowa ya ɗauka ai an yi mata gata da aka zo da ita.

Ran nan an sauko ana shan ruwa, sai Zulaikha ta ce, “Malama, kin ce in tsoro ya kama mutum ya faɗa da baki. Ni ba tsoro nake ji ba. Gadin jarka ne na gaji da shi.”

Malama Dinatu ta dube ta, ta ce ta miƙo hannayenta. Ta matsa damatsan yarinyar, ta ji su kamar na mai daka, domin shekara da shekaru su ne suke ɗauke da rabin jikinta. Ta ce mata ba ta yi mata alkawarin ƙwanƙoli ba, amma daga Litinin za su fara.

Damina guda suka yi suna aiki. Reshen darbejiyar makaranta ya zama wurin da Zulaikha take jan jikinta sama da hannu. Suka koma falalen bayan gari, tana hawa da rarrafe, tana saukowa da zama. Tafin hannunta ya yi kanta, gwiwar ƙafarta mai lafiya ta sha ƙujewa. Julius ya ƙera mata gajeriyar sanda mai bakin ƙarfe wadda za ta iya ratayawa a baya in ta zo wurin da hannu biyu ake bukata. Mahaifiyarta ta sani, ta kuma yarda, amma ta ce maganar babban dutse sai Alhaji ya dawo.

Da Alhaji ya dawo ya ji, ko gida bai zauna ba ya wuce wurin shugaban makaranta. Shugaban ya kira Malama Dinatu, ya tuna mata da abin da ya kawo ta garin, ya ce in wani abu ya sami yarinya mai lalura a hannunta, wannan karon ba canjin wurin aiki za a yi mata ba, har fanshonta sai ta rasa. Ta ce ta ji. Ta ce in uban yarinya ya hana, ba za ta tsallake maganarsa ba, amma tana roƙon ya ba ta dama ta je gida su yi magana a gaban ita Zulaikhar.

A zaure suka zauna. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce Malama ba ta san yadda aka yi yarinyar nan ta iso ƙasar nan ba. Ranar da suka gudo, a bayansa ya goyo ta, cikin daji, ba takalmi a ƙafarsa, ya bar shago da gida da 'yan'uwan da har yau bai san inda suke ba. Ya ce abin da ya tsira da shi ke nan, ba zai miƙa wa dutse ba. Malama Dinatu ba ta ce masa babu haɗari ba. Ta ce akwai, ta faɗa masa wuraren da suka fi wuya, ta ce za ta ɗaura igiya a ƙugun yarinyar ta ɗaura ɗaya bakin a nata, in za a faɗi tare za a faɗi.

Zulaikha tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, “Baba, ka goyo ni, na sani, kullum ana faɗa mini. Tun daga ranar kowa goyona yake yi. Ina so in ga inda zan iya kai kaina.”

Alhaji ya ce to, amma da shi za a je, kuma duk inda ya ce a juya, a juya. Malama ta ce ta yarda a je da shi. Maganar juyawa kuwa, ta ce a bari sai an je can.

Suka tashi da sassafe a kurar shanu, 'yan mata goma sha wani abu, da Malama, da Alhaji a cikin babbar riga. Da hantsi suka isa gindin dutsen. Farkon hawan gangare ne mai tsakuwa da ƙaya, a nan Zulaikha ta fi shan wuya, domin sandar tana nutsewa, ƙafar tana ja. Sauran yaran suka yi gaba suka zauna suna jiranta. Alhaji yana biye da ita, hannayensa a buɗe kamar mai tare kaza. Tun kafin a kai rabi ya cire babbar rigar ya naɗe ya ɗora a kan wani dutse, ya ce a ɗauka in an dawo.

Daga nan aka shiga manyan ƙwallayen duwatsu, inda tafiya take ƙarewa sai kamawa da ja. A nan abin ya juya. Yaran da suke da ƙafa biyu suna ta neman wurin takawa, Zulaikha kuwa ta rataya sandarta a baya, ta kama, ta ja jikinta, ta haye. Har ta wuce wasu. Alhaji yana haki a baya, ya daina cewa a yi a hankali, domin numfashin da zai faɗa da shi ya ƙare.

Ƙasa da ƙwanƙolin akwai wani falale mai sulɓi wanda ya karkata, gefensa kuwa rami ne mai zurfi. Dole sai an ratsa shi kafin a kai tsagar da ake bi a fita sama. Malama Dinatu ta fara hayewa, ta zauna ta tokare ƙafafunta a jikin dutse, ta riƙe igiya, yaran suna wucewa da ɗai-ɗai. Da aka zo kan Zulaikha, ta kai tsakiya, sai ƙafar mai lafiya ta zame, ɗayar kuwa ba ta da ƙarfin da za ta tare. Ta tafi ƙasa a kan cikinta. Igiyar ta miƙe ta fizgi Malama, ƙafarta ta dama ta murɗe a tsakanin duwatsu biyu, yaran da ke kusa sun ce sun ji ƙarar. Ba ta saki ba. Igiyar ta yanke mata tafin hannu, ta ƙara naɗe ta a damtse, ta riƙe har Zulaikha ta sami wata 'yar tsaga ta sa yatsu, ta jawo kanta zuwa inda Malama take.

Alhaji ya hayo falalen da rarrafe, shi kansa bai san yadda aka yi ba. Ya ga haɓar 'yarsa tana jini, ya ga hannun Malama, ya ce shi ke nan, an juya. Malama Dinatu tana zaune, zufa tana keto mata saboda zafin ƙafar, ta ce, “Alhaji, ni ban isa in hana ka ba, 'yarka ce. Amma ita ta faɗi, ita ta tashi. Ka tambaye ta.”

Bai tambaye ta ba, dubanta kawai ya yi. Zulaikha ta goge haɓarta da gefen hijabi, ta ɗaga kai ta dubi tsagar da ta rage, ta gyara sandar a bayanta ta matsa wurin. Tsagar matsattsiya ce, tsayinta ya fi na mutum biyu, sai an tokare baya a gefe guda, hannu a ɗaya gefen. Alhaji ya shiga ƙarƙashinta ya sa kafaɗa zai ɗaga ta. Ta ce masa kada ya ɗaga ta, ya dai tsaya a nan ƙasa. Ya tsaya, hannayensa a sama ba su taɓa ta ba, bakinsa yana motsi da addu'a, ƙasa da tsakuwa suna zubo masa a fuska, har ƙafafunta suka ɓace daga ganinsa.

Ƙwanƙolin Dutsen Ƙaho bai fi faɗin ɗaki biyu ba, iska kuma ba ta tsayawa a wurin. Daga can ana hango duwatsun Roni a jere, da ƙyallin ruwan Kazaure, in ka juya arewa kuwa ƙasa ce shimfiɗe, itatuwa suna raguwa, rairayi yana ƙaruwa har inda ido ya gaza. Malama ce ta iso ƙarshe, da jan jiki, yara biyu suna riƙe da ita. Ta tarar da Zulaikha zaune a kan dutsen da ya fi kowanne tsawo, ba ta kuka, ba ta dariya, tana ta kallo. Can ta tambayi mahaifinta ta ina Barno take. Ya nuna mata gabas. Suka daɗe suna duban wajen su biyu. Da rana ta karkata Malama ta ce azahar ta yi. Ruwan da ya rage na sha ne, sai suka yi taimama, Alhaji ya ja 'yan matan salla a kan ƙwanƙolin, ita kuma tana gefe tana ɗaure ƙafarta da ɗankwali.

Saukowa ta fi hawa wuya. Malama da zama ta sauko mafi yawan dutsen, a kwance aka kai ta gida a kurar shanu. Ƙafar ba ta sake komawa daidai ba, har ɗalibanta suna tsokanarta cewa ta zo Gwiwa ta bar gwiwa. Da labarin faɗuwar ya kai ofishin ilimi, aka fara shirin ladabtar da ita. Alhaji Muhammad Nur ya bar kasuwar ranar, ya je ofishin da kansa ya zauna a benci, ya ce shi ne uban yarinyar, yana wurin aka yi komai, kuma ba zai tashi ba sai an gaya masa laifin da matar nan ta yi. Aka yi ta ba shi haƙuri ya tafi, ya ƙi. Maganar ba ta sake tashi ba. Zulaikha yanzu tana koyarwa a wata firamare a Kanya Babba, kullum da sandarta take zuwa aji, kuma ba ta yarda a ɗaukar mata jaka.

Ke ce, Malama, mai igiya a ƙugu, wadda ba ta saki. An ce miki mace ba ta hawa, kin tambaya wa ya ce. An ɗauke ki daga inda kika saba, kin sami dutsen da ya fi na can tsawo. An tsorata ki da abincin tsufanki, kin ce kin ji, kika ci gaba. Ba ki taɓa yi wa iyaye ƙaryar cewa ba haɗari ba, tun da kika bar Roni kuma ba ki ɗauki ɗiyar kowa ba sai da izininsa. Mun gode. Iyayen da suka yarda da ke sun gode, waɗanda suka rufe miki ƙofa ma da yawansu sun gode daga baya, ko da ba su zo sun faɗa ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ƙafar nan sauƙi, ya saka wa Julius da ya bi ki duk inda aka jefa ki.

Saura mu. In ta tafi, gurbin zai zama fanko, kuma mun san abin da aka saba yi da irin wannan gurbin, a mayar wa yara tsintsiya da bokiti. Masu tura malamai su turo wadda za ta karɓa, ko wanda zai karɓa. Matasan malaman da ke Kazaure da Roni da Babura su zo su koya tun tana da ƙarfin nunawa. Iyaye kuma, in 'yarku ta ce tana so ta gwada wani abu mai wuya, ku tambayi yadda za a yi shi lafiya kafin ku ce a'a.

Likita ya gaya mata ta daina hawa, 'ya'yanta suna so ta koma Filato ta huta. Amma makon jiya wasu matan garin suka yi mata sallama, Hajiya Nana Aisha mai sayar da ƙuli-ƙuli a gaba, mace mai jikoki. Hajiya ta ce shekara da shekaru suna wanke wandunan da 'ya'yansu suka yage a dutse, suna jin labarin abin da ake gani a can sama, su ba su taɓa gani ba. Yanzu da Malama za ta sami lokaci, su ma a kai su. Malama Dinatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi silifas ɗin da ke ƙafafunsu, ta ce da waɗannan ba inda za a je, kowa ta nemo takalmi mai igiya. An sa rana, Asabar ta farko bayan an kai gero rumbu, a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Duk wadda za ta zo, ta zo da ruwanta.